Babi na Biyar: Tsohuwar Zungureriya, Dukiya ce ko Kayan 'Yan Gwangwan?

Tambayar takan taso ne ranar rabon gado. An auna gonaki, an ƙidaya shanu, an yi wa gida kuɗi, sai wani cikin magada ya nuna lungun bayan rumbu ya ce, "To waccan motar ta Baba fa, nawa za a sa mata?" Mota ce da ta shekara talatin ba ta motsa ba, tayoyinta sun nutse a ƙasa, kaji na kwana a kujerar baya. Ɗan gwangwan ya riga ya zo ya zagaya ta, ya ƙwanƙwasa bodi, ya yi tayin kuɗin ƙarfe. Can kuma wani ƙane da ke karatu a Zariya ya ciro waya ya nuna hoton irinta da aka sayar a Amurka kan kuɗin da zai sayi gonakin gidan gaba ɗaya. Wa ya fi gaskiya a cikinsu?

A Funtua da Malumfashi da Bakori da Ƙafur, yawancin motocin da ke kwance haka Peugeot ne da Marsandi, sai jefi-jefi Land Rover. Na Amurka ba su da yawa. Duk da haka da su za mu fara, domin hotunansu ne suka fi ruɗar mutane a waya, kuma a kasuwarsu aka fi ganin ƙa'idojin da ke sa tsohuwar mota ta yi daraja ko ta rasa. Wanda ya gane ƙa'idojin a kan Cadillac zai iya ɗora su a kan kowace mota.

Me ya hana su yaɗuwa a nan?

Kafin ranar 2 ga Afrilu, 1972, a gefen hagu ake tuƙi a Nijeriya, irin na Ingila. Saboda haka motocin Ingila masu sitiyari a dama, su Morris da Austin da Land Rover, su suka cika hanya. Motar Amurka sitiyarinta a hagu yake, duk da cewa kamfanin General Motors yana harhaɗa wasu Chevrolet da Pontiac masu sitiyari a dama a Kanada don ƙasashe irin namu. Cadillac kuwa abin hawan wanda yake so a san ya isa ce. Ko a littafin Chinua Achebe na 1966, A Man of the People, ministan da ke cikin labarin Cadillac yake shiga, kuma masu karatu na lokacin sun gane abin da ake nufi.

Da aka koma tuƙin dama, sai a zaci kasuwar motocin Amurka za ta buɗe. Ba ta buɗe ba. A 1975 kamfanin harhaɗa Peugeot ya fara aiki a Kaduna, nan kusa da mu, gwamnatin Janar Obasanjo kuma ta zo da tsarin tsuke bakin aljihu, ta mai da 504 motar manyan ma'aikata. A daidai wannan lokacin aka kawo shirin bunƙasa noma na Funtua da tallafin Bankin Duniya, taki ya samu, aka yi hanyoyin burji zuwa ƙauyuka. Manomin auduga ko ɗan kasuwar masara da kaka ta yi wa kyau, abin da yake bukata shi ne akori-kurar da za ta ɗauki buhu ta kai kasuwar Dandume ta dawo, wadda in ta tsaya kowane bakanike zai iya tayar da ita. Zungureriya ba ta cikin wannan lissafi.

Gidaje uku

In ana maganar motocin alfarma na Amurka daga 1950 zuwa tsakiyar shekarun 1970, gida uku ake nufi. Cadillac ta General Motors ce, Lincoln ta Ford, Imperial kuma ta Chrysler. Abin mamaki, mutum ɗaya ne ya kafa biyun farko, wani injiniya mai suna Henry Leland. Ya kafa Cadillac a Detroit a 1902, General Motors ta saye ta a 1909, ya sake kafa Lincoln a 1917, ita ma Ford ta saye a 1922. Akwai gida na huɗu, Packard, amma ya rufe a 1958.

Kowane gida da halinsa. Cadillac mai son a gani ce. Samfurinta na 1959 shi ne mai dogayen fukafukan nan a baya, da fitilu biyu-biyu masu tsini, tsawonta mita 5.7, nauyinta ya haura tan 2. Lincoln ta ɗauki wata hanyar. Continental ɗinta ta 1961 ba ta da tarkacen ado, gefenta a miƙe yake sumul, ƙofofin baya kuma ta baya suke buɗewa, yadda mai babbar riga zai fito ba tare da ya tattare ta ba. Imperial ita ce ta injiniyoyi. Ta 1957 tana da injin da ake kira Hemi, da maɓallan canza giya da ake dannawa da yatsa, da ƙirar ƙafafun gaba da ke hana ta tangaɗi a kwana.

Ƙarfi a takarda

Dukkansu injin silinda 8 gare su. Eldorado ta 1959, wadda ita ce ta sama a gidan Cadillac, injinta lita 6.4 ne, ƙarfin doki 345. Wannan litar ba ta tankin mai ba ce, faɗin cikin silindojin ne in aka haɗa su. Imperial ta 1957 ita ma lita 6.4 ce, ƙarfin doki 325. Continental ta 1961 injinta ya fi girma, lita 7, amma ƙarfin doki 300 aka rubuta mata. Don a ga tazarar, 504 da muka sani injinta lita 2 ne, ƙarfinta bai cika doki 100 ba.

Sai dai a yi hattara da waɗannan lambobi. Kafin 1972, kamfanonin Amurka suna auna ƙarfin inji ne a kan benci, ba salansa, ba matatar iska, ba sauran abubuwan da inji ke juyawa idan yana cikin mota. Daga 1972 aka koma auna shi yadda yake a jikin mota, lambobin suka faɗi a dare ɗaya. Dokokin rage hayaƙi da tsadar mai ta 1973 suka ƙara rage su da gaske. Injin Eldorado mai lita 8.2, wanda aka rubuta wa doki 400 a 1970, a 1976 doki 190 aka rubuta masa. Don haka in dillali ya ce maka motarsa ta 1965 ta ninka ta 1975 ƙarfi, akwai gaskiya a maganarsa, amma wani ɓangare na tazarar daga mudun awo ya zo.

Kuma ƙarfin nan nauyi ne ke cinye shi. Cadillac ta 1959 takan ɗauki daƙiƙa 10 ko fiye kafin ta kai gudun kilomita 100 daga tsaye. Camry ta yau mai silinda 4, irin wadda malaman jami'a ke hawa, za ta bar ta a baya. Abin da aka ƙera su dominsa shi ne doguwar tafiya a shimfiɗaɗɗiyar kwalta, inji na juyawa a hankali ba ƙara, na kujerar baya na gyangyaɗi. Wajen tsayawa kuwa, nan ake jin tsoro. Burkinsu na ganga ne a duk ƙafafu huɗu, wanda in ya yi zafi yake rage kamu. Sai a 1965 Lincoln ta sa burkin faifai a gaba.

Idan aka ce in zaɓi wadda ta fi daɗin tuƙi cikin ukun a ƙarshen shekarun 1950, Imperial zan nuna, kuma masu gwada motoci a mujallun lokacin da yawa haka suka gani. Ƙarfin ƙashinta ma ya zama abin labari. A Amurka akwai wasan da ake tara tsofaffin motoci a fili su yi ta karo da juna har sai ɗaya ta rage. Wurare da dama sun hana shiga da Imperial ta tsakiyar shekarun 1960, don ba a iya karya ta. Ka riƙe wannan, za mu dawo kansa in mun zo maganar kuɗi.

Daga Funtua zuwa Malumfashi

Yanzu mu ɗora ɗayarsu a hanyarmu. Tsakanin Funtua da Malumfashi ta Bakori kimanin kilomita 50 ne. Irin waɗannan motoci sukan ci kilomita 4 zuwa 5 da lita ɗaya, in kabireta na da lafiya. Zuwa da dawowa ke nan sai an ƙone sama da lita 20. Lokacin da mai ke da araha wannan ba abin damuwa ba ne. Tun da aka cire tallafi a ƙarshen Mayun 2023, ko mai hali sai ya yi tunani.

Ga kuma ƙasa-ƙasa. Cikinta kusa yake da ƙasa, bayanta ya zarce tayoyin baya da nisa. Duk tudun rage gudu da aka yi a bakin gari sai ta goga, hanyar gona da damina kuwa ba a ma maganarta. Eldorado Brougham ta 1957 an yi mata balan-balan na iska a maimakon sifirin, don laushin tafiya. Ko a Amurka yoyo suka riƙa yi, masu motar da yawa suka cire su suka mai da sifirin ƙarfe. Ka ƙiyasta yadda za su kasance a kan burji. Motar nan dokin hawan Sallah ce, ana ciyar da ita shekara guda don fitar yini ɗaya, wanda kuma ya ɗaura mata garma shi ya so.

Kayan gyara fa? Abin da mutane ba su zata ba, kayan injin Cadillac da Lincoln na wancan zamani har yau ana ƙera su sababbi a Amurka, saboda masu tara motocin suna da yawa. Amma ba za ka same su a Fanteka ta Kaduna ko Ƙofar Ruwa ta Kano ba, sai ka yi oda da dala ka jira. Hatta sifana matsala ce, domin notinansu da inci aka auna su, makanikanmu kuma da na milimita suka saba. Abin da ya fi wuyar samu shi ne kayan ado: gilashin gaba mai lanƙwasa, murfin fitila, azurfar bamba, tambarin da ke kan bonet. Waɗannan in sun ɓace, wani lokaci sai an sayi mushen wata motar sukutum don a ciro su.

Me ke sa ta tsada?

Masu tara tsofaffin motoci ba gudu suke saye ba. Da gudu ne da sun sayi sabuwa. Abu na farko da suke tambaya shi ne, guda nawa aka ƙera? A 1959 Cadillac ta fitar da mota sama da 140,000. Cikinsu Eldorado Biarritz, mai rufin tamfol da ake naɗewa, 1,320 ce kacal. Sabuwarta dala 7,401 ce. A yau wadda ke cikin kyakkyawan hali tana wuce dala 100,000 a gwanjo, wani lokaci ta ninka haka. 'Yar'uwarta mai ƙofa huɗu, ta shekara ɗaya, mai fukafukai iri ɗaya, ba ta kama ƙafarta ba. Ƙa'idar ta kusa zama doka a wannan kasuwa: mai buɗaɗɗen sama ta fi mai ƙofa biyu, mai ƙofa biyu ta fi mai ƙofa huɗu. Abin takaicin shi ne, wanda ya sayo irin wannan mota ya kawo Arewa a wancan lokaci, babban mutum ne mai direba, mai ƙofa huɗu yake bukata. Hoton da ƙanen nan ya nuna a waya, galibi na mai buɗaɗɗen sama ne.

Amma ƙaranci kaɗai bai isa ba, sai akwai masu so. Imperial ko a shekarar da ta fi kasuwa, 1957, ba ta kai 40,000 ba, wato ta fi Cadillac ƙaranci nesa ba kusa ba, ta kuma fi ta daɗin tuƙi. Duk da haka a galibin gwanjo Cadillac ce ke gaba. Dalili shi ne Cadillac ce mutane suka gani a fina-finai, ita mawaƙi Elvis Presley ya hau, ita yaran wancan zamani suka yi mafarkin mallaka, da suka tsufa suka yi kuɗi kuma ita suka nema. Abin da ya samu Imperial shi ya samu Continental Mark II ta 1956 da 1957. Kusan da hannu aka ƙera ta, kimanin 3,000 aka yi, an sayar da ita kusan dala 10,000 lokacin da Ford ta talaka take wajen dala 2,000, kuma duk da haka kamfanin hasara ya riƙa yi a kan kowace ɗaya. A ganina ta fi Cadillac ta 1959 kyan ƙira da kamala. Kasuwa ba ta yarda da ni ba, Biarritz take fifitawa.

Akwai darasi a abin da ya faru a 1976. Cadillac ta sanar cewa Eldorado ta wannan shekara ita ce mota mai buɗaɗɗen sama ta ƙarshe da za a ƙera a Amurka. Mutane suka yi rububi, wasu suka biya fiye da farashi, suka kai gareji suka kulle suna jiran ta zama zinariya. An ƙera 14,000. A 1984 kamfanin ya dawo da mai buɗaɗɗen sama, waɗanda suka ɓoye tasu suka fusata har wasu suka kai ƙara kotu, ba su yi nasara ba. Da yake kowa ya adana tasa, har yau ana samunsu da yawa cikin ƙoshin lafiya, farashinsu kuma bai taɓa kusantar na 1959 ba.

Sai labari. A ranar 22 ga Nuwamba, 1963, a cikin Lincoln Continental ta 1961 aka harbe Shugaba Kennedy a Dallas. An sake gina motar, aka sa mata sulke, shugabannin da suka biyo baya suka ci gaba da hawanta har 1977, yanzu tana gidan tarihi na Henry Ford a Dearborn. Mu ma muna da irin wannan: baƙar Marsandin da aka kashe Janar Murtala Muhammad a cikinta ranar 13 ga Fabrairu, 1976, tana gidan tarihi na Onikan a Legas da hudojin harsashi a jikinta. Waɗannan ba na sayarwa ba ne. Amma in ana son a ga abin da suna ke ƙarawa a kasuwa, a dubi Duesenberg SSJ ta 1935. Biyu kaɗai aka ƙera, ɗaya ta ɗan wasan fim Gary Cooper ce, kuma a watan Agusta na 2018 aka sayar da ita dala miliyan 22 a Kalifoniya. Motar da wani sarki ko wani minista na Jamhuriya ta Farko ya hau tana iya samun ƙarin daraja ta wannan fuska, da sharaɗin akwai shaida: takardar kwastan, katin rajista mai sunansa, tsohon hoto da lambar motar ta fito. "Kowa a garin nan ya san ta wane ce" ba ya aiki a wurin mai saye da ke Landan ko Dubai.

Abin da muke yi musu da hannunmu

Ta wata fuskar yanayinmu gata ne. A arewacin Amurka gishiri ake zubawa a titi don narkar da ƙanƙara, shi ke cinye motoci daga ƙasa. Mu ba mu da wannan, bushewar iska kuma na hana tsatsa. Motar da aka ajiye a rufaffen gareji mai daɓen siminti a Funtua tana iya fin ta Detroit lafiyar ƙashi. Wadda aka bari a gindin bishiya labarinta daban ne. Kudancin Katsina na samun ruwa sosai, ganye ya toshe magudanan da ke ƙasan gilashi, ruwa ya kwanta, ƙasan motar ya ruɓe ta ciki ba wanda ya lura. Rana ta farfasa dashbod da robobi, ɓera ya bi wayoyi ɗaya bayan ɗaya.

Amma ɓarnar da ta fi rage kuɗi ita ce wadda ake yi da kyakkyawar niyya. Inji ya buga, ba kayan gyara, sai bakanike ya ce, "Alhaji, mu sa mata na Toyota mana, ko na Marsandi mai shan gas, ka huta." Motar ta tashi, an ji daɗi, tsohon injin kuma an ba 'yan gwangwan. To a wurin mai tarawa, rabin darajar ce aka auna a sikeli aka sayar, domin lambar da ke jikin inji ita yake so ta dace da ta jikin mota. Haka mai fenti da zai shafe asalin launi da wanda ya ga dama, da mai ɗinkin kujera da zai yaye fatar asali ya sa leda. Mai saye na gaske ya fi son ya same ta da ƙurarta da koɗaɗɗen fentinta, ba a taɓa komai ba, a kan ya same ta tana ƙyalli da kayan aro.

Saboda haka kafin magada su sa hannu a kan tayin kowa, akwai abin yi da bai cin ko sisi. Kada a yi ƙoƙarin tayar da injin da ya shekara da shekaru a kwance, busasshen fistin na iya karce silinda a juyi ɗaya. A nemi ƙaramin allon ƙarfe mai lambobi, wanda akan samu a jikin ginshiƙin ƙofar direba ko a ƙarƙashin bonet, a ɗauki hotonsa. Motocin kafin 1981 lambarsu ba ta kai harafi 17 irin na yanzu ba, kada gajartarta ta sa a yi shakka. Da wannan lamba ake gane shekara da samfuri. A leƙa ƙasa da tocila, a soka sukundireba a ƙasan inda ake sa ƙafa, in ya shige to ta ruɓe. A binciki akwatin takardun marigayi.

Sannan a yi lissafi na gaskiya. Masu sayen nan galibinsu a waje suke. Amurka na barin a shigo da motar da ta haura shekara 25 ba tare da an bi ƙa'idojin sababbin motoci ba, amma sai an ɗora ta a tirela zuwa tashar ruwa, an biya kwantena, an yi takardu. Gyaran irin wannan mota daga tushe a can yakan ci fiye da abin da za a sayar da ita, in ba tana cikin 'yan ƙalilan ɗin nan ba. Mai ƙofa huɗu ta shekarun 1970, ruɓaɓɓiya, mai injin aro, ɗan gwangwan bai yi nisa da gaskiya ba, sai dai kafin a ba shi a cire bamba da tambari da fitilu da gilashi, waɗanda daban-daban suna iya fin ƙarfen duka kuɗi. Mai ƙofa biyu ko buɗaɗɗen sama ta kafin 1970, da injinta na asali da takardunta, wannan a ja ta a kai inuwa, a ɗage ta a kan bulo, a jinkirta rabonta har a samu wanda ya san kanta.

Sauran motocin da ke bayan rumbunan Funtua da Malumfashi fa, waɗanda suka fi yawa? Peugeot 404 ta ci tseren Safari na Gabashin Afirka sau 4 a shekarun 1960, 504 ta ci a 1975, kuma an ci gaba da harhaɗa ta a Kaduna shekaru da dama bayan Faransa ta daina. Yanzu a Turai an fara neman masu lafiya a cikinsu. Babi na gaba zai duba waɗanne ake nema, da yadda za a bambanta ƙirar Faransa da ta Kaduna.